Ba Kowane Tashin Hankali Ne Rikici Ba

Duk mai sauraron labaran rediyo ko mai karanta jaridun Hausa a 'yan shekarun nan ya san da wata kalma guda da ta zama jaki, kowane irin kaya ita ake ɗora wa. Kalmar kuwa ita ce "rikici". Idan 'yan jam'iyya suka yi sa-in-sa a kan kujerar shugaban ƙaramar hukuma, rikici ne. Idan darajar naira ta faɗi, rikicin tattalin arziki ne. Idan masu gadon gida suka kai juna gaban alƙali, rikici ne. Haka kuma idan wasu suka shiga ƙauye da tsakar dare ɗauke da bindigogi, suka kashe mutane suna barci, suka ƙone rumbuna, suka kore dabbobi, da gari ya waye sai ka ji an ce "rikici ya ɓarke" a ƙauye kaza. Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za a tsaya a dubi wannan al'amari da idon basira, domin sunan da aka kira masifa da shi yana nuna wanda za a tuhuma, da irin matakin da za a ɗauka, da kuma saurin da za a yi wajen ɗaukarsa. Wanda ya sauya wa masifa suna ya riga ya yanke rabin hukunci tun kafin a zauna shari'a.

Bari mu fara da ita kanta kalmar. Rikici ɗan'uwan rikicewa ne da rikitarwa, wato cukurkuɗewar al'amari yadda ba a gane kansa balle gindinsa, kamar zaren da ya sarƙe a hannun masaƙi. Saboda haka da zarar Bahaushe ya ji an ce rikici, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ɓangarori biyu da ke ja-in-ja, kowa da tasa hujjar, kowa kuma da nasa laifin: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganin rikici shi ne sulhu, a tara dattawa, a ba kowa haƙuri, a ce a yafi juna. To, mai karatu, wane sulhu za a yi tsakanin jaririn da aka harbe a bayan uwarsa da wanda ya harbe shi? Wace hujja ce tsohuwar da aka ƙone a ɗakinta ta zo da ita fagen jayayya? A duk lokacin da aka kira kisan gilla da sunan rikici, an raba laifin gida biyu ke nan, an ɗora wa mamaci rabi, alhali ba ya da bakin da zai kāre kansa.

Abin takaicin shi ne, harshen Hausa bai rasa kalmomi ba. Magabatanmu sun jera su hawa-hawa kamar matakalar bene. A ƙasa akwai saɓani, wanda ko tsakanin harshe da haƙori ana samu. Idan ya fito fili sai ya zama jayayya ko taƙaddama. Idan murya ta ɗaga, sa-in-sa ke nan ko cacar baki. Idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya zama dambarwa ko turka-turka. Duk waɗannan ba su kai ga zubar da jini ba. Daga nan sai hatsaniya da hayaniya, sai yamutsi da hargitsi, inda taro ke watsewa kowa ya yi ta kansa. Tarzoma kuwa ita ce inda gungun jama'a suka fito titi suna fashe-fashe da ƙone-ƙone. Bore da tawaye na nufin an juya wa hukuma baya. Arangama da artabu da gumurzu da ba-ta-kashi suna buƙatar ɓangarori biyu, kowanne riƙe da makami. Amma hari da farmaki da kwanton ɓauna da kisan gilla da ta'asa, waɗannan kalmomi ne masu nuna mai aikatawa da wanda aka aikata wa, ba sa barin kowa cikin duhu. Wanda ya mallaki irin wannan taska, sannan ya zaɓi ya riƙa cin kasuwa da kwabo guda, lalle ya cuci kansa ya cuci mai saurarensa.

Ko abin da ya faru a Kano a watan Disamba na 1980, lokacin da mabiya Muhammadu Marwa Maitatsine suka ja daga a unguwar 'Yan Awaki har sai da aka kawo soja, mutane da yawa a yau "rikicin Maitatsine" suke kiransa. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 ne suka rasa rayukansu cikin kwanakin da ba su kai mako biyu ba. Dattawan da suka ga abin da idonsu sukan ce yaƙi, sun kuwa fi kusa da gaskiya. Matashin da aka haifa bayan haka, idan ya ji an kira wannan da sunan da ake kiran rigimar 'yan kasuwar kwari da shi, ta yaya zai gane girman abin da ya sami birninsa, balle ya ji tsoron maimaituwarsa?

A nawa nazarin, babbar ƙofar da wannan gurɓata ta shigo ita ce ɗakin fassara. Yawancin labaran da ake karanta mana da Ingilishi ake fara rubuta su, kuma Turancin Nijeriya ya daɗe da mayar da kalmar crisis bargon rufe kowace irin ɓarna. Mai fassara yana gaggawa, lokacin labarai ya ƙarato, sai ya ɗauki "rikici" ya maye gurbinta da ita ya wuce. Alhali ita wannan kalma, a asalinta na harshen Girka, tana nufin rarrabewa da yanke hukunci. Likitocin tsohuwar Girka suna amfani da ita ga wannan sa'a da ciwo ke kai wa ƙololuwa, inda daga nan majinyaci ko dai ya juyo ya kama hanyar warkewa, ko ya wuce. Ashe ke nan ma'anarta ta fi kusa da mararraba, wurin da tilas matafiyi ya zaɓi hanya, kuma jinkirin zaɓin ma zaɓi ne. Wannan ma'ana ta gaggawa da ɗaukar mataki ita ce ke salwanta gaba ɗaya idan aka ce rikici, domin rikici yana iya shekara goma ana jan sa, amma majinyacin da ke mutu-kwakwai-rai-kwakwai ba ya jiran gobe.

Shin Hausa tana da kalmomin wannan sa'a? Tana da su, har da rarrabewar da Ingilishin ma bai yi ba. Idan aka ce mutum yana tsaka mai wuya, ana nufin yana da zaɓi amma kowanne da ɗaci. Idan abin ya tsananta sai a ce gaba kura baya siyaki. Halin ƙaƙa-ni-ka-yi shi ne na wanda dabara ta ƙare masa yana neman mafita. Halin ni-'yasu ya fi wannan muni, domin mai shi ya daina neman mafita, kuka kawai ya rage masa. Idan aka ce tura ta kai bango, ana nufin haƙurin wanda ake zalunta ya ƙare, abin da zai biyo baya kuma martani ne. Idan aka ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ana nufin abin dogaro ya yanke tun ba a kai gaci ba. Idan al'amari ya tsaya cik saboda kowane ɓangare ya kafe, kiki-kaka ke nan. Kowace daga cikin waɗannan tana gaya wa mai sauraro inda aka kwana da abin da ya kamata a yi. Manomin da damina ta yanke masa a watan Agusta yana cikin ƙaƙa-ni-ka-yi, iri mai saurin nuna da bashin taki za su iya cetonsa. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya shiga ni-'yasu, abinci yake buƙata yau ɗin nan. Hukumar da ba ta bambance su a baki ba, da wuya ta bambance su a aiki.

A cikin dukan waɗannan babu wadda ta kai "ta ɓaci" nauyi, kuma duk wanda ya fara ƙirƙiro "dokar ta-ɓaci" ya cancanci jinjina, domin ya kamo ma'anar da kyau: al'amari ya lalace har dokokin yau da kullum sun kasa. Wannan ba adon magana ba ne, aba ce mai sharuɗɗa. Sashe na 305 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon kafa ta, amma sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya sun amince, kuma takan faɗi bayan wata shida idan ba a sabunta ta ba. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa ta a Jihar Yamma a watan Mayu na 1962, bayan ɓarakar Awolowo da Akintola, aka naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Shugaba Obasanjo ya kafa ta a Filato ranar 18 ga Mayu, 2004, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli, sannan ya maimaita a Ekiti a 2006. Shugaba Jonathan ya kafa ta a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013 ba tare da ya taɓa gwamnoni ba. Shugaba Tinubu kuma ya kafa ta a Ribas a watan Maris na 2025, ta yi wata shida aka ɗage. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, a kowannensu kalmar ta zo da aiki a bayanta.

Amma dubi yadda ake neman mayar da ita tsumma. Yanzu ana kafa "dokar ta-ɓaci" a kan ilimi, a kan ruwan sha, a kan shara, a kan shaye-shaye. A watan Yuli na 2023 ma an ayyana ta a kan wadatar abinci a ƙasa baki ɗaya. Ban ce waɗannan fannoni ba su ɓaci ba, sun ɓaci ƙwarai. Tambayata ita ce, wace doka ce ta sauya washegarin sanarwar? Wane kuɗi aka ware, wa aka ɗora wa alhaki, kuma yaushe wa'adin zai cika a zo a yi wa jama'a bayani? Inda aka amsa waɗannan tambayoyi, kalmar ta ci sunanta. Inda ba a amsa ba, an yi ihu ne kawai babu ɓarawo a hannu, kuma kunnen da ya saba da irin wannan ihu ba zai motsa ba ranar da ta ɓaci da gaske. Mun ga yadda hakan ta faru da wasu kalmomin. "Bala'i" da "masifa" kalmomi ne da a da ake faɗarsu da sanyin jiki, yau kuwa yaro zai ce maka tuwon ya yi bala'in daɗi, ko yana masifar son ƙwallo. A hirar majalisa wannan ba laifi ba ne, haka harshe ke tafiya. A bakin hukuma ne yake zama haɗari.

Idan wasu na kumbura kalma, masu mulki sun fi ƙwarewa wajen tsuke ta, kuma wannan ba a Nijeriya kaɗai ba ne. Lokacin da aka fara harbe-harbe tsakanin sojan tarayya da na Biyafara a watan Yuli na 1967, gwamnatin Janar Gowon ta kira abin da "matakin 'yan sanda", wato ɗan aikin ladabtarwa na 'yan makonni. Sai da aka yi wata talatin ana gwabzawa, kuma tarihi bai san shi da wani suna ba sai yaƙin basasa. Faransa ta yi shekara takwas tana yaƙi a Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, amma a hukumance "abubuwan da suka faru" da "aikin tabbatar da doka" take cewa. Sai a 1999 majalisar dokokinta ta amince a rubuta kalmar yaƙi. Mafi muni shi ne na Ruwanda a 1994, inda aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Makonni aka yi jami'an gwamnatin Amurka suna kewaye-kewaye don kada su furta kalmar kisan ƙare-dangi, saboda sun san yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu nauyin hana irin wannan aiki. Sun fahimci cewa kalmar tana da farashi, sai suka ƙi biya. Ana ta muhawarar lafazi, adduna kuma ba su huta ba.

Kusa da gida, makwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 2005. Ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004, haɗe da tashin farashin gero a kasuwanni, sun jefa miliyoyin mutane cikin ƙunci, musamman a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. A watan Agusta na wannan shekara Shugaba Mamadou Tandja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa, ƙarancin abinci ne irin wanda aka saba, yana mai nuni da cewa mutanensa ba su yi kama da mayunwata ba. A shekarar kuwa ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu fama da tamowa. Ba a rasa dalilin wannan gudun kalma ba: kowane shugaban Nijar yana tune da cewa fari da yadda aka yi da kayan agaji suna cikin hujjojin da Seyni Kountché ya kafa lokacin da ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Sai bayan juyin mulkin Fabrairu na 2010 ne sababbin mahukunta suka fito fili suka ce yunwa na barazana, suka nemi taimako da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Talaka kuwa bai taɓa jin nauyin kiran yunwa da sunanta ba, har laƙabi yake yi mata don kada jikoki su manta. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba aka sa mata. Akwai 'Yar Gusau a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa Hausawan Nijar El-Buhari suka kira ta, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin soja ta lokacin ta yi a watan Afrilu na 1984, abin da ya toshe hanyar hatsi da ta cin-rani. Ko sunan ya yi adalci ko bai yi ba, yana nuna cewa mutanen karkara sun gane abin da masana suka zo suna rubutawa, wato fari daga sama yake zuwa, amma kafin ya zama yunwa sai hannun ɗan Adam ya shiga.

Su ma hukumomin agaji na duniya sun gane haɗarin barin wannan kalma a hannun 'yan siyasa, shi ya sa tun daga 2004 suka fito da ma'auni mai hawa biyar. Ba a ayyana mataki na biyar, wato yunwa tsagwaronta, sai an tabbatar da abubuwa uku: aƙalla gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin ɗari na ƙananan yara suna fama da tamowa mai tsanani, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa a kullum. Wannan ya rage gardama, amma ya zo da nasa darasin. A Somaliya an ayyana yunwa a watan Yuli na 2011, bincike kuma ya nuna daga baya cewa kusan mutum 260,000 ne suka mutu, kuma kimanin rabinsu sun riga sun mutu kafin a furta kalmar. Wanda ya ce ba zai motsa ba sai an kai hawa na biyar, ihu bayan hari zai yi. Amfanin matakala shi ne a san hawa na uku da na huɗu da sunayensu, a kuma yi aiki tun a can. A Hausa ma haka ne: ƙarancin abinci daban, tsadar abinci daban, tamowa daban, yunwa daban, kowanne da irin maganinsa.

Akwai kuma wani rukunin kalmomi da ya fi waɗannan wuyar taɓawa, domin yana da alaƙa da imaninmu. Iftila'i da bala'i tushensu ɗaya a Larabci, ma'anarsu jarrabawa. Musiba, wadda ta zama masifa a bakinmu, ita ce abin da ya sami mutum. Fitina kuwa asalinta sanya zinariya a wuta don a rarrabe ta gaske da gauraye. Kalmomi ne masu daraja, suna sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, kuma babu mai imanin da zai yi jayayya da ƙaddara. Inda nake da ja shi ne lokacin da jami'in da aka damƙa wa amanar gyara ya riga kowa cewa "iftila'i ne". A bakin wanda abin ya shafa, wannan kalma haƙuri ce da tawakkali. A bakin mai riƙe da kasafin kuɗi, sau da yawa mafaka ce. Tarihi ya nuna cewa lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'arsa, bai kuma ɗauki hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ware kalmomi na musamman, sakaci da ganganci da ha'inci, don kada a cakuɗa su da tsautsayi.

Mu auna da abin da muka gani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Farkon abin ana iya cewa rashin sani ne. Amma garin Bagega ya zauna yana jiran kuɗin share gubar har zuwa 2013, bayan an san cutar an san maganinta. Wannan jira ba shi da wani suna sai sakaci. A watan Satumba na 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994 daga wannan madatsa. Ruwan sama na Allah ne, amma kula da madatsa aikin ma'aikata ne masu karɓar albashi, kuma jama'a na da haƙƙin su ji abin da aka yi a cikin waɗannan shekaru talatin. Wata guda bayan haka tankar mai ta kife ta kama wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka ƙone, yawancinsu sun je kwasar mai. Faɗuwar mota tana iya zama tsautsayi. Barin jama'a su yi dafifi a kan fetur ba tare da an killace wurin ba, da talaucin da ya sa mutum ya sayar da ransa a kan jarka guda, waɗannan suna da masu amsa tambaya. Idan aka lulluɓe duka da kalma ɗaya, sai a yi ta'aziyya a watse, a jira na gaba.

Haka zancen yake game da waɗanda suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. An fara da ce musu ɓarayin shanu, aka koma ɓarayin daji, aka koma 'yan bindiga, sunan da ko mafarauci yana iya amsa shi. Ana cikin wannan laluben suna suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Sai a watan Nuwamba na 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a jaridarta ta hukuma a watan Janairu na 2022. Sauya suna bai kawo ƙarshen ta'asar ba, shaida ita ce harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na wannan shekara. Amma ya sauya dokar da za a gurfanar da su da masu taimaka musu a ƙarƙashinta, ya kuma kawar da tunanin cewa mutumin da ke sanya wa garuruwa haraji yana ƙone masu ƙin biya ɓarawo ne kawai.

Na san akwai masu cewa da gangan editoci ke zaɓar "rikici", domin kalma ce mai sanyi, kuma a ƙasa irin tamu magana zarar bunu ce. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba kuma zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mun ga yadda kashe-kashen Kaduna na watan Fabrairu na 2000 suka haifar da ramuwar gayya a Aba. Mun ga yadda abin da ya faru a Yelwan Shendam a 2004, inda aka kashe Kiristoci a watan Fabrairu, aka kuma kashe ɗaruruwan Musulmi a farkon watan Mayu, ya jawo aka far wa mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba a Kano bayan 'yan kwanaki. Baki shi ke yanka wuya, kuma wanda ya yi saurin cewa "kisan ƙare-dangi" ko "yaƙin addini" ba tare da hujja ba, shi ma ya yi wa gaskiya ƙarya, ƙaryarsa kuma tana iya cin rayuka kafin faɗuwar rana.

Sai dai a lura, abin da ke kunna wutar ramuwa shi ne jingina laifi ga ƙabila ko addini baki ɗaya, da kuma jin cewa hukuma na rufa-rufa. Ana iya cewa "wasu mahara sun yi wa mutum talatin kisan gilla a ƙauye kaza, an kama biyar" ba tare da an ambaci yare ko alƙiblar kowa ba. Wannan jimla ta faɗi aikin da sunansa, ta nuna akwai masu laifi ƙididdigaggu, ta kuma nuna doka na aiki. Ita kuwa "rikicin ƙabilanci ya ɓarke" ta ɓoye masu laifin, ta kuma gayyato ƙabilu biyu cikakku cikin fagen. Wace ce ta fi haɗari a cikinsu? Bugu da ƙari, a wannan zamani da hoton gawa ke zagaye wayoyin jama'a kafin ɗan jarida ya isa wurin, kalma mai sanyi ba ta ɓoye komai. Abin da take yi kawai shi ne ta sa mutane su daina yarda da rediyo da jarida, su koma ga mai jita-jita, wanda shi ba ya auna kalma ko kaɗan.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kafofin watsa labarai na Hausa, na gida da na ƙetare, da su zauna da masana harshe na jami'o'inmu, musamman cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da takwarorinsu na Zariya da Sakkwato da Yamai, su fitar da ɗan littafin jagora a kan waɗannan kalmomi, wanda kowane mai fassara zai ajiye a kan teburinsa. Kafin a samu wannan, tambayoyi uku sun isa mai rubutu ya yi wa kansa kafin ya rubuta "rikici": shin ɓangarorin biyu duka suna riƙe da makami? Shin akwai wanda aikinsa ne ya hana abin faruwa? Shin akwai sauran lokacin ceto, ko an riga an makara? Amsar ta farko za ta raba arangama da kisan gilla, ta biyu ta raba tsautsayi da sakaci, ta uku kuma ta gaya wa mai sauraro ko gudummawa ake nema ko ta'aziyya.

Su kuma masu mulki, ya kamata su sani cewa likitan da ya kira sanƙarau da sunan zazzaɓi don kada hankalin dangi ya tashi, maganin zazzaɓi zai bayar, kuma kowa ya san inda za a kwana. Jama'a ma da nasu aikin: duk lokacin da aka ce mana "rikici" ko "iftila'i", mu tambaya, wa ya yi, wa aka yi wa, wa kuma ya kamata ya hana? Allah Ya kare mu daga fitina da annoba, Ya ba shugabanninmu ƙarfin halin kiran abu da sunansa tun da sauran lokacin gyara, amin.